Sharhi kan garin pikrotoksin na ɗakin gwaje-gwaje

Pikrotoksin na cikin sinadaran da masu binciken farfaɗiya suka daɗe suna dogaro da su wajen haddasa jijjiga a jikin dabbobin gwaji, kuma bayan na yi aiki da garin da kamfanonin kayan gwaji ke sayarwa a ƙananan kwalabe, ra'ayina shi ne kaya ne mai kyau ga wanda ya san iyakarsa. Ana tace shi ne daga 'ya'yan Anamirta cocculus, wani tsiro mai yaɗo da ke fitowa a Indiya da kudu maso gabashin Asiya, kuma Pierre Boullay, masanin haɗa magunguna ɗan Faransa, ne ya fara ware shi a 1812.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda aikinsa yake a fayyace. Yana toshe ƙofar da sinadarin kuloraid ke bi ya shiga ƙwayar jijiya a mai karɓar saƙo na GABA-A, wanda shi ne birkin ƙwaƙwalwa, kuma da zarar birkin ya saki sai ƙwayoyin jijiya su tashi gaba ɗaya. Bayan 'yan mintoci da allura, ɓeran gwajin zai tsaya cik, sai tsoka ta fara fizga, ƙafafun gaba su kama kaɗawa, daga nan ya faɗi, idan kuma adadin ya yi yawa jikinsa ya sandare. Da yake alamun na zuwa a jere, auna lokacin da jijjiga ta fara ba ya wahala, abin da mai gwada sabon magani ke nema ke nan.

Akwai abubuwa biyu da mai saye ya kamata ya sani. Garin ba ya narkewa da sauƙi a ruwan sanyi, sai an ɗumama ana motsawa ko an fara jiƙa shi da DMSO, wani ruwan narkar da sinadarai, kuma haske da ruwa mai alkali suna lalata shi, don haka a haɗa sabo a ranar aiki. Sannan ba sinadari ɗaya ba ne: haɗin pikrotoksinin ne da pikrotin daidai wa daida, kuma na farkon ne ke da ƙarfin. Duk da haka na fi son sa a kan bikukulin, wani sinadarin da shi ma ke toshe GABA-A amma yake saurin rushewa bayan an narkar da shi. Sitirikinin kuwa, wata gubar mai sa jijjiga, a lakar ƙashin baya yake aiki ta hanyar toshe gilaisin, wanda shi ne birki a can, don haka tambayar da yake amsawa daban ce.

Babban gargaɗina ga masu gwada tsirran magani ne. Jijjigar da pikrotoksin ke haddasawa ta lokaci guda ce a ƙwaƙwalwa mai lafiya, ba farfaɗiya ba ce, saboda haka tsiron da ya jinkirta ta bai zama maganin farfaɗiya ba tukuna. Wanda ke son ciwo mai dawowa da kansa sai ya koma ga sinadarin pilokapin, wanda shi ma daga ganyen tsiro ake samunsa. Haka kuma gwajin gaggawa na iya kuskure magani mai kyau: lebetirasetam, wani maganin farfaɗiya, bai nuna tasiri a tsofaffin gwaje-gwajen gaggawa ba, amma yau marasa lafiya da yawa na shan sa.

Wahalar da dabbar ke sha ba ƙarama ba ce, kuma ba na ganin uzurin fara aiki ba tare da izinin kwamitin ɗa'a ba, ko ba tare da maganin diyazefam a shirye don tsayar da jijjigar da zarar an kammala aunawa ba. Mai awon garin kuma ya sa safar hannu da takunkumi, domin guba ce mai kisa ga mutum ma.