Gyalen siliki mai ɗinkin hannu da na yi wa aminiyata a Balad, Jidda

Aminiyata ce za ta koma Kano gaba ɗaya, an buga mata kuruj, wato bizar barin ƙasar, bayan shekara 9 muna tare a nan Jidda, ɗaki ɗaya muka fara zama a Karantina tun ba mu iya ko tambayar kuɗin tumatir da Larabci ba, ita ta kwana da ni a asibiti ranar da na haifi autana, to kun ga irin wannan ai ba a sallamarta da dabino da bagaruwa da kwalbar turare kamar tsarabar alhazai. So nake in ba ta abin da duk ranar da ta buɗe akwati ta gan shi za ta ce wance ce ta yi min.

Wata maƙwabciyarmu ce ta yi min kwatancen shagon. In kin shigo Balad, tsohon garin Jidda, ta Bab Makka kika bi Suƙ Alawi kamar za ki Baitu Nasif, akwai wani ɗan lungu, shagon na ciki, ko allon kirki babu a ƙofar. Kar ki je da rana, wahalar banza ce, sai bayan la'asar wurin ke farfaɗowa. Mai shagon dattijo ne haifaffen Makka amma jinin Hausa ne, Hausarsa rabi Larabci, ina yin sallama ya ce "'yata daga Kano ko Katsina?" na ce Baba ai ka gama da ni.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai ɓoye min komai ba. Kayansa kashi biyu ne, na gaba da aka rataye masu ƙyalli duk aikin inji ne, riyal 40 zuwa 50, ya ce waɗannan na masu sauri ne. Na hannun suna cikin wata tsohuwar durowa a naɗe cikin farin ƙyalle, gyale, hankici, jakar Alƙur'ani, 'yar jakar carbi, wasu mata ne ke yi masa a gida. Ya juya min bayansu su biyun ya ce duba da kanki. Na injin bayansa fari fat da zaren ƙasa, ga ragowar wata takarda da ake mannawa, kowane fure sak ɗan uwansa. Na hannun kuwa za ki ga inda ta ƙulle zare, inda ta sake allura, wani ganyen ya ɗan fi wani ƙiba, har wurin da alama ta kwance ta sake. Wlh na daɗe ina shafa wurin nan.

Na ce Baba to silikin fa, ya zan yi in san ba roba ba ce, don an taɓa yi min haka da wata abaya. Bai ji haushi ba, ya zaro zare ɗaya daga gefen gyalen ya ƙyasta masa wuta, sai ƙauri ya tashi kamar ana babbakar kan rago ranar sallah, ya murza tokar a yatsa ta zama gari. Ya zaro na mai arhar ya ƙona, ya narke ya dunƙule kamar leda, ya yi tauri. Ku riƙe wannan ko ba a wurinsa za ku saya ba, siliki na gaske daga tsutsa yake, warin gashi yake yi in ya ƙone.

Hira ta yi hira har ya ɗauko min rigar mahaifinsa, babbar riga aska takwas, ɗinkin duk da zaren tsamiya, wannan silikin namu na gida mai ruwan ƙasa-ƙasa. Ya ce da ita tsohon ya taho a ƙafa ta Sudan suka tsallako teku ta Sawakin. Kakana na da irinta, ƙamshinta ma iri ɗaya, saura kaɗan in yi kuka a shagon mutane. Ba ta sayarwa ba ce, na tambaya.

Na so in haɗa wa mijinta hankici na siliki shi ma, Baba ya ce a'a 'yata, namiji ba ya sa tsantsar alharini, abin da aka yi rangwame shi ne ado da bai wuce faɗin yatsu huɗu ba, sai ya ba ni na auduga mai siririn aiki a baki. Da wani ɗan kasuwar ne da ya karɓe kuɗinsa ya yi shiru. Haka waɗannan baƙaƙen firem masu rubutun zinare, na ce ko yankin rigar Ka'aba ne, ya yi dariya ya ce kwaikwayo ne, ta gasken a masana'antarta ta Ummul Jud a Makka ake yin ta, siliki wajen kilo 670 ban da zaren zinare da azurfa, kuma tun 2022 ranar 1 ga Muharram ake sauya ta ba ranar Arfa ba kamar da, wa zai yanko miki ita ya kawo lungu a riyal 100.

To yanzu ga inda suka ɓata min rai. Na zaɓi gyale ruwan toka da furanni ja da ruwan goro, na ce a sa sunanta da Larabci a kusurwa, muka daidaita a riyal 280 daga 350, ya ce kwana 10. Kwana 10 ɗin nan sai da ya zama 24. Kullum na kira sai "bukura insha Allah", wato gobe, matar da ke ɗinkin ba ta da lafiya, zare ya ƙare, ni kuma ga ranar jirgi na matsowa, sau biyu ina biyan mota zuwa Balad ina dawowa hannu rabbana. Ranar da ya iso kuma na buɗe sai na ga an manta ɗigo ɗaya a sunan, harafin "za" ya koma "ra", sunan ya zama wani abu daban. Ɗigo ɗaya fa! Ya ba da haƙuri gsky, washegari aka gyara bai karɓi ko sisi ba, amma da ban iya karatun ba da haka zan kai mata. Ki rubuta sunan da hannunki a takarda, kuma ki karanta kafin ki bar wurin.

Sannan injin katinsa kullum wai ba sabis, ki tafi da tsabar kuɗi. Naɗin kaya kuma babu shi, aikin sati uku a cusa miki a baƙar leda kamar kin sayi albasa, sai da na nemi kwali mai kyau a wani shagon. Jan zaren ma yana ɗan zuba, na gwada a ƙaramin hankicin da na saya wa kaina, ruwan ya yi ja-ja a wankin farko, don haka ruwan sanyi kawai, ban da jiƙawa, ban da bilic, a shanya a inuwa a goge ta baya.

Daren da za ta tafi na kai mata, ta warware shi ta bi sunanta da yatsa ba ta ce komai ba, can ta cire zoben azurfar hannunta ta sa min wai tukuici, muka zauna muna ta sharɓe kamar yara. Satin jiya ta turo min hoto ta WhatsApp ta yafa shi a wani suna a Fagge, wai mata uku sun tambaye ta inda aka yi. Na koma na ba da aikin nawa irinsa sak, Baba ya ce kwana 10, na ce to Baba sai bayan wata ɗaya ke nan.