Littahin mai keken dokin da ya zama sarki, na saye shi jika ɗaya da rabi

Salamu alaikum ƴan uwa iyaye. Satin da ya wuce na biya wajen masu saida tsohin littattafai a bakin Babbar Kasuwa nan Yamai, ina neman abin da zai raba yarona da salula lokacin hutun nan, shina aji shidda a kwalej kuma Faransancin nashi sai a hankali. Mai teburin ya miƙo min wani ƙarami, Le Neveu du magicien na C. S. Lewis, ya ce Hajiya wannan jika biyu ne ba ragi, muka yi ta ja har ya sallama a jika da rabi. Bangon ya ɗan tsufa, wani yaro ya yi zane da biro a shafin farko, amma ganyen duk suna nan, sai da na ƙirga babi 15 cif kafin in biya don an taɓa yi min ta.

Tsohon littahi ne, a 1955 ya fito da Ingilishi, cikin jerin bakwai na Narnia. Labarin ya fara a Landan da yara biyu, Digory da Polly, da wani kawu mai wasa da tsafi da zobba masu kai mutum wata duniya. Wannan duk yaron ya so shi. Ni kam wanda ya kama ni shi ne Frank, mai keken doki na haya, wato ɗan taksin zamanin. Baban yaran nan taksi yake ja shekara da shekaru, daga Wadata zuwa Harobanda har ya san kowane rami, shi ya sa da muka zo wurin na aje tsinken tuwo na zamna.

Mutumin nan ba ya neman komi, keken shi ne mayya Jadis ta ƙwace ta farfasa a titi, ya biyo don ya lallashi dokinshi, rigimar ta kwashe shi zuwa wata duniya mai duhu ƙirin. Kowa ya ruɗe, kawun mai ilimi sai neman giya yake, mai keken ne ya kwantar ma kowa da hankali har ya ja musu waƙar coci. Da Aslan, zakin da ya halicci ƙasar Narnia a duniyar nan mai duhu, ya tambaye shi ko zai zamna ƙasar, sai ya ce shi fa da aure, in dai da matarshi to. Aka kirawo ta nan take ta bayyana da kumfar sabulu a hannu, wanki take yi baiwar Allah. Wallahi na yi dariya har da ƙwalla don ni ma da an kira ni ranar haka za a gan ni.

Tambayoyin da aka yi mishi kafin a naɗa shi sarkin Narnia su ne daɗin littahin. Shi da kanshi ya ce bai yi karatu mai zurfi ba. Zakin bai kula da wannan ba, ya tambaye shi ko ya iya noma, ko zai riƙe talakawanshi da adalci ba kamar bayi ba, ko zai ƙi fifita wani ɗa kan wani, in yaƙi ya zo ko zai shiga gaba ya zama na ƙarshen ja da baya. A ta yaƙin bai cika baki ba, ya nuna mutum ba ya sanin kanshi sai an gwada shi. Yarona ya ɗago kai ya ce Inna ashe Baba ma zai iya cin wannan jarabawa, uban yana kan tabarma ya yi kamar bai ji ba amma na ga bakinshi.

Inda ban gamsu ba, Frank ba ya shigowa sai labari ya kai tsakiya, kuma bayan an sa mishi kambi shi ke nan, ba a nuna muna yadda ya yi mulkin ba, dokin ma da aka ba fukafukai ya fi shi samun fili. Sannan abu ya ɗan tsaya min, ƙasa sabuwa cike da masu ita a ɗauko Bature daga Landan a ce shi ne sarki, mu da muka san tarihinmu dole mu ɗaga gira. Kuma ku sani marubucin Kirista ne sosai, akwai zaki da ke halittar duniya da waƙa da lambu mai tuffa, ni na zamna na yi ma yaron bayani cewa tatsuniya ce kamar ta Gizo, kar ku miƙa ma ƙaramin yaro ku tahi.

Faransancin bai da tsauri, ɗan aji shidda zai iya da ƙamus kusa, hotunan Pauline Baynes na ciki ma suna taimako. Na koma neman na biyun mai teburin ya ce sai wani sati, na bar mishi dala ɗari kafin alƙalami.