Makarantun likitanci na DO a Amurka: kafin ka biya kuɗin kamun kujera, tambayi inda za a kai ka a shekara ta uku

Juma'ar da ta wuce bayan an sallame wani babanmu ya riƙo hannuna a bakin masallaci, ya ce Dakta zo ka duba min, yarinyar nan makarantu uku sun ɗauke ta kuma duka na DO ne, kowacce na cewa a biya kuɗin kamun kujera kafin tsakiyar Disamba, wacce za mu biya? Ya buɗe waya yana nuna min hotuna, gini sabo fil, gilasai ko'ina, ga wasu mutum-mutumin roba masu numfashi da ake koyon aiki a kansu. Na ce Baba ai duk wannan na shekara biyun farko ne, a wane asibiti za ta yi shekara ta uku? Shiru. Aka kira yarinyar a waya, ita ma ba ta sani ba, kuma ba laifinta bane don nima lokacin da na zaɓi tawa makarantar ban san ana wannan tambayar ba.

Ga wanda bai sani ba, a Amurka digirin likita iri biyu ne, MD da DO, kuma duka biyun cikakkun likitoci ne, suna rubuta magani suna tiyata a duk jihohi 50. DO ɗin ya samo asali ne daga Andrew Taylor Still da ya buɗe makarantar farko a Kirksville ta jihar Missouri a 1892, kuma bambancin karatun yau shine ɗan DO yana ƙara wajen awa 200 na koyon duba ƙashi da tsoka da gaɓoɓi da hannu. Yanzu makarantun sun haura 40, in ka haɗa da rassansu sun haura 60, sama da ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likitanci a ƙasar 'yan DO ne. To amma digirin shi kaɗai ba ya baka lasin aiki, sai ka yi residensi, wato horon ƙwarewa na shekara 3 zuwa 7 a asibiti, kuma shiga residensin nan shine gadar da ake faɗawa ruwa. Da can 'yan DO suna da nasu guraben da babu mai taɓa musu, daga 2015 aka fara haɗe tsarin, zuwa 2020 aka gama, yanzu kowa layi ɗaya yake bi a Match, wato tsarin da ke raba wa masu nema guraben residensi. Sannan a 2022 jarrabawowin lasin aiki na matakin farko, wato Step 1 ta USMLE ta 'yan MD da Level 1 ta COMLEX ta 'yan DO, suka koma ci ko faɗi kawai babu maki. Kenan hanyar da ɗan ƙaramar makaranta yake bi da ya nuna kansa da maki mai tsoka tun da wuri ta toshe, abun da ya rage shine makin Step 2, da wasiƙun da manyan likitoci suka rubuta maka, da kuma wanda ya ganka kana aiki da idonsa.

Nan ne wuta ta ƙone ni. Makarantar da na yi, ba zan faɗi sunanta ba, ba ta da asibitin kanta, yarjejeniya take ƙullawa da asibitoci da likitoci masu zaman kansu nan da can. Saura sati biyu in fara zagayen tiyata, wato lokacin da ɗalibi ke koyon aiki a ɓangaren tiyata na asibiti, aka turo min imel wai wurin ya janye, in yi haƙuri ana nema min wani. Ni da kaina na zauna a mota a wajen ajiye motoci na wani kanti da takarda a kan cinya ina kiran ofisoshin likitoci ɗaya bayan ɗaya, ina roƙon sakatarori, kuɗin makaranta kuwa ba a rage min ko sisi ba. Daga ƙarshe na samu wani dattijon likita, mutumin kirki wallahi, amma shi kaɗai yake aiki, babu residen, wato likita mai horon residensi, ko ɗaya, wata guda ina tsaye a bayansa ina riƙe ƙarfen buɗe ciwo. Ban taɓa gabatar da mara lafiya a zagayen safe ba, ban taɓa kwana a kiran dare da tawaga ba. Da na je zagayen gwaji, wato zuwa nuna kai a inda kake son residensi, a babban asibiti a shekara ta huɗu, ranar farko aka ce in bada bayanin mara lafiyar gado na 6, na fara kame-kame, yaron da ke gefena ya karanto nasa tsaf cikin minti biyu kamar Fatiha. Bai fi ni karatu ba, shi dai shekara guda ya yi yana yin abun kullum.

Ranar Litinin ta satin Match na buɗe imel na ga ban samu ba. Na shiga SOAP, wato rububin guraben da suka rage, inda ake baka damar neman wurare 45 kacal ka zauna kusa da waya har Alhamis. Na samu gurbin share fage na tiyata na shekara ɗaya tak, wanda in ya ƙare babu tabbacin komai, na sake nema a shekara mai zuwa, Alhamdulillah yanzu ina ɓangaren cututtukan ciki na manya kuma ina son aikina. Amma ku riƙe wannan labarin, zan dawo kansa.

To in ni aka ce in zaɓa yau, Michigan State zan ɗauka ba tare da na yi shawara da kowa ba. An kafa kwalejin a 1969, tana cikin babbar jami'ar gwamnati a East Lansing, kuma tana da wasu wuraren karatu biyu, ɗaya a Detroit Medical Center ɗaya a Macomb. Abun da ya sa take burge ni ba ginin bane. Su tsarinsu ana ɗaure ɗalibi da asibiti guda da zai zama gidansa a shekara ta uku da ta huɗu, asibitoci irin na McLaren, da Henry Ford Macomb, da Sparrow na Lansing, da tsohon Botsford na Farmington Hills, kuma waɗannan wurare ne da residen ke cike a ciki, da yawansu ma asali asibitocin DO ne tun kafin a haɗe tsarin. Suna da wata haɗaka da aka sani da suna Statewide Campus System da ta haɗa kwalejin da shirye-shiryen residensi a faɗin jihar. Ma'anar wannan a aikace ita ce shugaban shirin da zai karanta takardarka a watan Oktoba ya riga ya ganka ƙarfe 5 na asuba kana duba jinin marasa lafiya tun bara, residen ɗinsa sun san ko kai mai guduwa ne ko mai tsayawa, kuma shi kansa wataƙila DO ne. Michigan na cikin jihohin da ɗan DO ke da hanya ta gaske zuwa tiyatar ƙashi, da kunne hanci da maƙogwaro, da mafitsara, fannonin da a wasu jihohin ko hira ba za a kira ka ba. Na yi aiki da waɗanda suka fito daga can, ranar farko ta residensi ka ga mutum ya san yadda ake rubuta bayanan gado, ya san lokacin da ake kiran babba da lokacin da ake shiru. Ga mu musulmi kuma akwai sauƙi, masallaci na nan dab da jami'a a East Lansing, in Detroit aka kai ka kuwa Dearborn da Hamtramck na kusa, naman halal ba abun nema bane, wanda ya taɓa azumi shi kaɗai a ƙauyen da ba masallaci ya san darajar wannan.

Ba zan ɓoye muku aibunta ba. Ajin babba ne, wajen mutum 300 a shekara, wanda ba ɗan jihar ba kuɗinsa yana da zafi sosai, ga sanyi. Kuma a wannan kwalejin ne Larry Nassar ya yi karatu ya yi aiki, wanda aka ɗaure a 2018 kan cin zarafin 'yan mata 'yan wasa, shugaban kwalejin na lokacin ma kotu ta same shi da laifi a 2019. Uba mai tura 'yarsa yana da haƙƙin ya san wannan ya tambayi abun da aka gyara. Duk da haka a maganar residensi ban ga wacce ta kamo ta ba.

Sauran kuwa, in kai ɗan Texas ne ka samu TCOM ta Fort Worth kar ka tsaya karanta rubutuna, je ka biya, tana da araha tana da suna, sai dai kashi 90 na kujerun na 'yan jihar ne kuma ta TMDSAS, tsarin neman gurbi na Texas, ake nema, ba ta AACOMAS da sauran makarantun DO ke amfani da shi ba. Oklahoma State a Tulsa tana da asibitin koyarwa nata, wannan kaɗai ya isa. Ohio University ma lafiya lau, musamman reshen Cleveland da na Dublin. PCOM ta Philadelphia tun 1899 take, tsoffin ɗalibanta sun cika gabas, amma uwar nake nufi, reshe sai ka bincike shi da kansa. LECOM araha ce da dokar sa taye. Touro ta Harlem 'yan uwanmu na Bronx suna sonta don mutum zai kwana gidan iyayensa, to kusa da gida daɗi ne amma tambayar asibiti tana nan daram. Sababbin nan da ba su yaye ko aji ɗaya ba, musamman na 'yan kasuwa masu neman riba, ni dai ba zan tura ƙanina ba sai in babu wata.

Yanzu maganar da ta fi damuna. Ku buɗe shafin kowace makaranta za ku ga an rubuta da manyan baƙaƙe cewa kashi 90 da wani abu na ɗalibansu sun samu residensi. Dan Allah ku duba kalmar da ke gefen lambar, placement ce ko match. Ta farkon tana haɗa kowa da kowa, wanda ya samu fannin da yake so, da wanda ya tsinci abun da ya rage a SOAP, da irina mai gurbin shekara ɗaya. Eh, ni ɗin nan da na yi kwana huɗu ban iya cin abinci ba, a lissafin makarantata ina cikin waɗanda suka yi nasara. Sannan lambar ba ta ƙirga waɗanda aka kora ko aka maimaita musu aji ko aka hana su zama jarrabawa don kar su ɓata alƙaluma. Ku tambaya mutum nawa suka shiga aji ɗaya shekara huɗu da suka wuce, nawa suka fita bana. A ƙasa baki ɗaya sama da kashi 90 na ɗaliban DO 'yan ajin ƙarshe suna samun Match, don haka lamba mai kyau ba abun mamaki bace, jerin sunayen asibitocin za ku nema. Shi ma jerin akwai wayo a ciki, sai ka ga sunan babban asibiti ya ƙawata shafi ashe gurbin share fage ne, ko kuma an haɗa na shekara biyar wuri guda, ko na rassa uku an cakuɗa.

Sai 'yan damfara na zahiri. A Ingila da Turai akwai masu sana'ar osteopathy amma ba likitoci bane, masu gyaran jiki da hannu ne, kuma akwai wuraren da ke sayar da takarda mai haruffan DO ta intanet cikin 'yan watanni. Wannan takardar ba za ta kai ka ko ƙofar Match ba. Makarantar da babu sunanta a jerin COCA, hukumar da ke tantance su, ba makarantar DO ta Amurka bace, kuma a jerin ne za ka ga ko tantancewarta cikakkiya ce, ko ta farko-farko ce, ko an sa mata ido. Duk wanda ya ce a WhatsApp yana da hanya, ka turo dala dubu kaza ya samo maka gurbi ba MCAT, wato jarrabawar shiga makarantar likitanci, ɓarawo ne ko da a sahun farko yake sallah. Haka dillalan makarantun tsibiran Karebiyan masu cewa ai MD ya fi DO daraja, su ba za su gaya maka cewa 'yan Amurka da suka yi karatu a waje kusan biyu cikin uku ne kawai ke samun Match ba, kuma wannan bayan an zubar da mutane da yawa a hanya kenan.

Kuɗi ma a yi lissafinsa da ido buɗe. Mai bizar karatu ba ya samun bashin gwamnatin tarayya, kuma ba kowace makarantar DO ke ɗaukar baƙo ba. Ga masu takardar zaman ƙasa kuma dokar da aka sa wa hannu a 2025 ta rufe bashin karatu na gwamnati mai suna Grad PLUS ga sababbin masu karɓa daga Yulin 2026, ta ƙayyade sauran bashin gwamnatin a kan dala 50,000 a shekara da 200,000 gaba ɗaya, alhali kuɗin makaranta kaɗai a wurare da yawa ya wuce dubu hamsin ɗin. Ka ƙara da kuɗin jarrabawa biyu, don in kana son fanni mai gasa dole ka zauna COMLEX ka zauna USMLE, da kuɗin hayar ɗaki a duk garin da ka je zagayen gwaji. Maganar ruwa a kan bashi kuma kowa ya zauna da malaminsa tun kafin a sa hannu.

Baba dai na rubuta masa tambayoyi a bayan takardar sanarwar masallaci, na ce yarinyar ta nemi 'yan aji uku da aji huɗu, ba waɗanda ofis ke turo wa baƙi ba, ta tambaye su wane asibiti, akwai residen a ciki ko babu, wa ke nemo wurin in ya janye, sau nawa suka tashi daga gari zuwa gari, da ko ana basu lokacin zagayen gwaji daga Yuli zuwa Oktoba. Daren Lahadi ya kira ni, ya ce biyu sun amsa, ta ukun mai gilasan nan ɗalibinta ya ce a wata goma ya zauna gari huɗu. Ɗaya daga cikin biyun ta gwamnatin jiharsu ce, ita za su biya.