Todoist a hannun marubuci: abin da za ka ba ta da abin da za ka hana ta

Bayan na daɗe ina amfani da Todoist, manhajar da ake jera ayyuka da ranakunsu a cikinta, wajen tsara aikin rubutun littafi, hukuncina shi ne ta ƙware wajen riƙe ƙananan hidimomin da ke kewaye da rubutu, amma shi kansa babin da kake rubutawa kada ka sa masa rana a cikinta.

Ka ce ka shigar da "kammala babi na bakwai" ranar Talata, babin kuma ya ƙi fitowa. Da safiyar Laraba za ka tarar da shi a saman shafi, ranarsa ta koma ja, alamar lokaci ya wuce. Kwana uku a haka, sai ka fara gudun buɗe manhajar gaba ɗaya. Wani babin kwana biyu yake ci, wani sai ya yi mako uku yana ja maka rai. Abin da ke hannunka shi ne zaman da za ka yi. Saboda haka ka buɗe aiki ɗaya mai maimaituwa kullum, "zaman rubutu, minti 50", a lokacin da gida bai tashi ba, kamar bayan sallar asuba. Ka raba shi gida biyu, minti 25 sau biyu da hutun minti 5 a tsakani, irin tsarin Pomodoro da Francesco Cirillo ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980. Muddin ka zauna, ka danna ka gama, ko shafi biyar ka samu ko layi biyu.

Sauran jerin kuwa na abubuwan da ke da ƙarshe ne: tura rubutu wa mai gyara, biyan mai zanen bango, ajiye kwafin aiki. A nan manhajar ta burge ni. Tana da matakan fifiko huɗu, daga p1 zuwa p4, kuma shawarata kada jan tuta, wato alamar p1 mafi gaggawa, ta wuce uku a rana, domin idan komai na gaggawa ne sai zaman rubutun ya fara shan kashi. Manyan rukunan aiki biyar da ake bayarwa kyauta sun ishi mai littafi ɗaya. Tana aiki ko babu data, sai ta daidaita komai idan intanet ya dawo.

Akwai wuri biyu da ake yawan tuntuɓe. Manhajar tana gane rana daga cikin abin da ka rubuta, amma Hausa ba ta cikin harsunan da take ganewa. In ka rubuta "gobe" ko "jibi", kalmar za ta zauna a sunan aikin ba tare da rana ba, aikin kuma ba zai fito a jerin ranar ba. Ka zaɓi ranar daga kalanda. Na biyu shi ne bambancin "every 3 days" da "every! 3 days", da ake rubutawa don aiki ya riƙa maimaituwa duk kwana uku. Na farkon yana ƙirga daga ranar da aka sa, mai alamar motsin rai kuwa daga ranar da ka gama. Wajen ajiye kwafin aiki, mai alamar motsin ran ya fi dacewa.

Makin ƙwazo da take bayarwa, wanda take kira Karma, ka shiga saiti ka kashe shi. Yawan ayyukan da ka gama yake ƙirgawa, kuma zaman awa guda a kan sakin layi mai wuya aiki ɗaya ne tak a lissafinsa, daidai da amsa saƙon WhatsApp.