Na kai rediyona gyara saboda hayaniya: abin da aikin ya yi da abin da bai yi ba

Tun da muka koma sabon gida a Agege, Icom IC-718 ɗina, wato rediyon da nake magana da masu sha'awar sadarwa na nesa da ita, ta daina ba ni daɗi. Ko a zangon mita 40, wato megahaz 7, inda na saba jin masu kira daga Ghana da Kamaru da daddare, sai "shuuu" da wani kurman ƙara mai kamar niƙa. Ma'aunin ƙarfin sigina, mai matakai daga S1 zuwa S9, yana tsaye a S7 alhali babu mai magana. Duk wanda ya zo da ƙarfin da bai kai haka ba, ya nutse.

Wani abokina mai lambar kira ta 5N, wato ta masu rediyo a Najeriya, ya haɗa ni da wani matashi ɗan Kano mai gyaran na'urorin sadarwa a wajen kasuwar Alaba. Na ce masa ya buɗe ta ya yi duk abin da zai rage hayaniyar. Kafin ya taɓa sukurdireba, ya kunna ta a kan batir, ya zare eriya. Shiru, sai ɗan huci kaɗan. Ya ce, "Baba, rediyonka ba ta da laifi sosai. Abin da ke damunka daga waje yake shigowa." Wannan gaskiyar ita ce ta sa na yarda da shi, don da ya so sai ya karɓi kuɗina ya yi shiru.

Duk da haka na ce a yi na ciki. Ya sa mata katin UT-106 mai tace ƙara, ya ƙara matatar FL-52A mai faɗin haz 500, ya kuma sauya wasu kafasito da suka tsufa a ɓangaren sauti. Likin dalmarsa tsaf, yana ƙyalli, bai bar ko ɗigo a kan allon ba.

Matatar ta burge ni, amma a saƙon Mos, wato na ƙyas-ƙyas gajere da dogo, take yi mini aiki. Idan ka matse faɗin daga haz 2400 zuwa 500, hayaniya na raguwa da kusan desibel 7, ya ɗan fi mataki ɗaya a ma'aunin S. A murya ba ta da amfani, ta yi ƙunci. Katin kuwa yana sassauta wa kunne, za ka iya zama awa biyu kanka bai yi ciwo ba. In ka ƙure shi, muryar mutum ta koma kamar mai magana a cikin tulu, don haka ƙasa-ƙasa nake barinsa.

Babban sauyin a gida aka same shi. Ya zo ranar Asabar, muka kashe wutar gidan gaba ɗaya, ma'aunin ya sauka. Muka riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya. Inbata ce ta farko, sai cajar waya guda mai araha da ke ɗakin yara, sai kwan LED na tsakar gida. Ban taɓa zaton ɗan ƙaramin kwan nan zai iya rufe mini Accra ba. Ya naɗa kebul ɗin RG-58 sau 12 a jikin zoben ferayit FT240-31, wani zobe mai tare hayaniya, ɗaya a gindin eriya, ɗaya a bayan rediyo, domin hayaniyar da ke bin bayan kebul ta tsaya. Ya ce in ajiye ƙaramar na'ura mara nauyi da ke ba rediyon wuta in koma mai taransifoma mai bolt 13.8, in kuma daina kunna abin ƙara ƙarfin karɓa a mita 40. Yanzu ina ganin S3 zuwa S4.

Janaretocin maƙwabta suna nan, wannan Legas ce. Da an ɗauke wuta "tas-tas-tas" ɗinsu ya shigo, maɓallin NB, mai danne irin wannan ƙarar, yana rage shi amma ba ya kashe shi.

Abu ɗaya ya ɓata mini rai: kwana huɗu ya ce, sai da rediyo ta yi mako biyu a shagonsa, kuma ba kullum yake ɗaga waya ba. Daga baya ya ce matatar ce ta yi jinkirin isowa, amma ai da ya faɗa mini tun farko.

Zan sake kai masa aiki. Wanda kuɗinsa bai kai na duka ba, ya fara da zoben ferayit da kashe wutar gida, katin ya jira.