Mazaunin kibiya a bakan farauta: yadda na samu QAD Ultrarest HDX bayan na bar na buroshi

Bakan zamani mai faifai, irin wanda Holless Wilbur Allen ya samu takardar mallakar fasaharsa a Amurka a 1969, sau da yawa tsirara yake zuwa hannun mai saye. Kai ne za ka ɗora masa abin saiti, da kwari, da mazaunin da kibiya za ta kwanta a kai. Na lura sababbin maharba kan ƙarar da hankalinsu wajen zaɓen abin saiti, mazauni kuwa duk wanda aka miƙo musu shi ke nan. Alhali in ka cire tsirkiya, shi kaɗai ne yake riƙe da kibiya daga lokacin da aka ɗana ta har ta tashi. Abin saiti in ya karkace, duk kibau gefe ɗaya za su tafi, gyara ɗaya ya wadatar. Mazauni in ya samu matsala, kowace kibiya da inda za ta dosa.

Nauyin jan bakana laba 60 ne, tsawon jana inci 28, kibau na kabon, kuma da na'urar saki mai kunama nake harbi. Na faɗi haka ne don wanda yake saki da yatsu ya san cewa rabin wannan bayanin ba nasa ba ne. Yatsu suna sa kibiya ta yi lanƙwasa hagu da dama, saboda haka tana bukatar abin da zai tokare ta ta gefe, mazauni mai faɗuwa kuwa, irin HDX da ke kaucewa daga hanyar kibiya idan an saki, ba don wannan aka yi shi ba.

Da na buroshi na fara. Zobe ne cike da gashin roba, da rami a tsakiya da gibi a gefe inda ake zura kibiya. Wanda ya fi suna a wannan nau'in shi ne Whisker Biscuit na Trophy Ridge, amma nawa ba shi ba ne, wani ne marar tambari da ya zo a jikin bakan. Ba zan ci amanarsa ba: babu abin da ke motsi a cikinsa, babu igiya, babu sifirin, babu lokacin da za a daidaita. Ka kwantar da baka a cinya, ka juya shi, ka rarrafa da shi cikin ciyawa, kibiya tana nan daram. A nisan mita 20 zuwa 30, inda nake ganin ya kamata yawancin harbin farauta ya tsaya, bai taɓa ba ni kunya ba.

Abin da ya raba mu guda biyu ne. Na farko, kibiya gaba ɗayanta, har da fikafikanta, dole ta ratsa cikin gashin. Gajerun fikafikai masu tauri, irin Blazer mai inci 2, suna jurewa. Dogaye masu laushi kuwa, bayan an sha harbi sai ka ga gefensu ya yi kwarkwaɗa-kwarkwaɗa, wani ma ya fara ɗagowa daga gam. Kuma tunda kibiyar tana manne da baka har ƙeyarta ta fita, ɗan murɗawar da hannunka ya yi a lokacin saki yana bin ta. Na biyu shi ne ƙara. Idan gashin ya sha ƙura ko raɓa ta bushe a kansa, jan kibiyar kabon a cikinsa yana yin wani sauti kamar ana jan tsintsiya a kan siminti. A filin atisaye ba ka ma jin sa. Da asuba a daji, iska ta kwanta, barewa tana nesa da kai da mita 15, sai ka ji kamar duk dajin ya ji. Masu cewa yana rage gudun kibiya gaskiya suka faɗa, amma ragin kaɗan ne ƙwarai, ban ɗauke shi hujja ba. Wanda zai zauna a kan buroshi ya kula da girman ramin, domin ana yin sa ƙarami da matsakaici da babba. Kibiya ta kwanta a ƙasan ramin da ɗan sarari a samanta, kada gashin ya shaƙe ta.

Ultrarest HDX na kamfanin Quality Archery Designs (QAD) wani tsari ne dabam. Kibiya tana kwanciya ne a kan 'yar gwafa mai yatsu biyu, da sanda a gicciye a sama wadda ta rufe bakin gwafar. Kana ɗana kibiya sai ka tura wani ɗan maɓalli da babban yatsa, gwafar ta miƙe ta ce ƙas, ta tsaya dab da tsaye. Daga nan kibiya ta shiga keji, ko ka kifa bakan ba za ta zube ba. Wata gajeriyar igiya ce ta haɗa shi da kebul ɗin da ke yin ƙasa idan an ja baka, wato ɗaya daga igiyoyin baka da ke aiki da faifai, ban da tsirkiya. A incin ƙarshe na ja, igiyar ta miƙe ta ƙarasa ɗaga gwafar. Kana taɓa kunama, gwafar ta kife kafin fikafikai su iso. Duk tafiyar kibiya a kan tsirkiya ba ta kai kashi 2 cikin 100 na sakan ba, a cikin wannan ɗan lokacin ne ake so ta tallafi kibiya a farko sannan ta kauce.

Abin da ya sa na riƙe shi ba taruwar kibau a allon atisaye ba ne, ko da yake ta ƙaru kaɗan a mita 40. Mayar da ja ne. Duk mafarauci ya san wannan: ka ja baka, dabba ta taka sau biyu ta shige bayan kututture, ko ta juyo maka ƙirji, harbi bai halatta ba. Kafaɗa ta fara rawa, dole ka mayar da tsirkiya a hankali tana kallon wajenka. A wannan mazaunin, idan ka mayar a hankali gwafar ba ta faɗuwa, tana nan a tsaye da kibiya a bakinta, domin saurin harbi ne kawai yake sakin ta. Ba sai ka sa yatsa ka gyara kibiya ba, ba kuma ƙarar kabon a kan ƙarfe. Dabba ta sake fitowa, ka sake ja kamar ba a yi komai ba. Ni dai a wajena wannan kaɗai ya biya ni wahalar ɗaura shi.

Wahalar kuwa akwai ta, gara mutum ya sani tun kafin ya kwance kwali. Ana ɗaure shi da noti a ramin Berger, wato ramin da ke jikin gangar baka a saman mariƙi. A daidaita tsayi yadda jikin kibiya zai ratsa ta gaban ramin, ta yi kusurwa ta daidai da tsirkiya. Ta gefe kuma, ma'aunin da aka saba farawa da shi shi ne 13/16 na inci daga jikin ganga zuwa tsakiyar kibiya, wato santimita 2 da 'yan kai, sai dai in kamfanin bakanka ya faɗi wani abu dabam. Duk wannan alanki da abin awo sun isa. Inda aikin yake shi ne igiyar. Ko dai a maƙale ta a jikin kebul da ɗan matsi mai noti, ko a sa baka a injin matsa baka a buɗe zaren kebul a cusa ta a ɗaure. Na biyun ya fi zama lafiya, kuma shi na yi a wurin mai gyara, don baka mai faifai ba abin da ake matsawa da dabarar gida ba ne. Igiya in ta yi gajarta, tana jan kebul ta ɓata tafiyar faifan sama da na ƙasa. In ta yi tsawo, gwafa ba ta ƙarasa tashi. Akwai 'yan layuka biyu a jikin mazaunin da ya kamata su haɗu idan an kai ƙarshen ja, sai ka sa wani ya tsaya gefenka ya duba, domin kai mai ja ba za ka gani ba.

Bayan nan sai gwajin jan-baki. Ka shafa shi siriri a gefen fikafikai ka harba, sannan ka duba gwafa, da sandar sama, da kebul. Duk inda ka ga ja, fiffike ya taɓa wurin. A karon farko na samu ɗan ja a ƙasan sandar sama, na juya ƙeyar kibiya kaɗan yadda fikafikan za su sauya tsayuwa, ya ɓace. Sai gwajin takarda: a kafe takarda a firam, a tsaya kamar mita 2, a harba ta cikinta zuwa allo. Abin da ake nema rami ne zagayayye da tsagar fikafikai kewaye da shi. In yagar ta nuna ƙeya ta yi sama, a ɗaga mazauni, in ta yi ƙasa a sauke shi. Motsin kuwa na kaurin farce ne, 1/32 na inci ma ya isa ya sauya yaga. A nan ne na gane amfanin samfurin da ke da maɓallin murɗawa mai ƙas-ƙas, irin MXT na kamfanin. A HDX sassauta noti ake yi a tura da hannu ana kallon layukan awo, yana yiwuwa sarai amma yana son haƙuri da tsayayyen hannu. Wanda ya san zai riƙa sauya kibau ko nauyin tsaiko, ya nemi mai murɗawa.

Ƙara fa? Ba shiru yake ɗungurungum ba, babu mai faɗuwar da yake haka. Amma ƙararsa tana zuwa ne tare da ƙarar tsirkiya, bayan kibiya ta kama hanya. Wadda take korar dabba ita ce ta lokacin ja, ita kuma ƙyallen laushi da ake mannawa a cikin gwafa da kan dandamalin ganga yana kashe ta. Ƙyallen yana cinyewa, ina sauya shi da zarar na ga ya fara sheƙi.

Akwai ɗaya nau'in mai faɗuwar, wanda igiyarsa take ɗaure a reshen baka maimakon kebul, irin na Hamskea da Vapor Trail. Na harba na wani abokina, kuma na fahimci masu son sa. Aikinsa a juye yake: idan baka yana hutawa igiyar a miƙe take tana danne gwafa, kana ja reshe ya lanƙwaso, igiya ta saki, sifirin ya ɗaga gwafa. Kana saki reshe ya koma ya fizge ta ƙasa da ƙarfi. Ba ya bukatar injin matsa baka, ba ya taɓa kebul, kuma igiya in ta tsinke a daji kowace igiya mai ƙwari marar talewa za ta fitar da kai. Abin da ya hana ni komawa kansa shi ne doguwar igiyar nan da ta bi gefen baka, ga ƙaya ga reshe a irin sarƙaƙiyar da nake shiga, sannan gwafarsa tana sauka tare da kai duk lokacin da ka mayar da ja. Kibiya ba ta fita daga keji, amma tana motsi a ciki. Mai harbi daga dandamali a kan bishiya ko a buɗaɗɗen fili wataƙila ya fi ni jin daɗinsa.

Mazaunin harshen ƙarfe, siririn nan mai kaurin 0.008 zuwa 0.012 na inci, na masu gasar allo ne. Iska kaɗan ko rawar hannu ta isa ta zubar da kibiya mai kaifi a kan yatsunka. Kada a kai shi daji.

Kafin ka saya, leƙa bayan gangar bakanka. Tun lokacin da QAD da kamfanin bakuna Mathews suka fito da tsarin Integrate, bakuna da dama suna zuwa da wata 'yar hanya da aka sassaƙa a bayan ganga, inda mazauni yake maƙalewa kai tsaye ba tare da noti a ramin Berger ba. Ya fi sauƙin nauyi, ba ya karkata sama ko ƙasa, kuma kwari yana samun matsowa jikin baka. Nawa bakan ba shi da ita, shi ya sa na tsaya a kan mai noti.

Yaro mai koyo, ko wanda ba shi da mai gyara a kusa kuma harbinsa bai wuce mita 30 ba, ban ga dalilin da zai bar buroshi mai kyau ba. HDX na wanda yake harba tsaiko mai buɗaɗɗun wuƙaƙe marasa naɗewa ne, irin da ke tona duk wani ɗan aibin tashi, kuma yake shirye ya riƙa duba kayansa. Sababbin tsirkiya da kebul suna ɗan miƙewa a farkon amfani, lokacin gwafa ya gusa ba tare da ka taɓa komai ba. Na sa ɗigon farin fenti a kebul daidai inda igiyar ta shiga, da wani a kan layin awo na gefe da na tsayi. Kafin in fita nakan dubi ɗigon ukun, in ja baka sau ɗaya da kibiya a ɗane ina fuskantar allo, in mayar a hankali in ga ko gwafar ta tsaya.