Gargaɗi ga masu shagon kwamfuta a Gusau: ba a sayar da lambar IP da rauta ke rabawa

Masu shagunan intanet da buga takardu na Tudun Wada, Sabon Gari da Samaru, don Allah a yi hattara. Akwai masu bi shago-shago da sunan ma'aikatan kamfanin layi, wai an turo su duba ƙarfin sabis kyauta. Da ka ba ɗayansu kujera, kafin ka ankara ya sauya saitin kwamfutarka, intanet ya ɗauke. Sai ya ce an toshe lambar IP ɗinka, wato lambar da ake gane kwamfutarka da ita a kan netwok, ka kawo kuɗi a saya maka sabuwa, ko ya ce katin netwok ya ƙone. Lokacin rajistar JAMB ya fi yi musu daɗi, don sun san mai shagon da ɗalibai suka cika ba zai tsaya ciniki ba.

Ƙarya ce tsagwaronta. Lambar IP ɗin kwamfutarka da ta fara da 192.168 ba kayan sayarwa ba ce. Rautarka ko MiFi ɗinka ce ke raba ta kyauta ga duk na'urar da ta haɗu da ita.

Abin da suke taɓawa shi ne Default Gateway, wato lambar rautar kanta, ƙofar da komai ke bi ya fita waje. Idan taka 192.168.8.1 ce, kamar yadda MiFi na Huawei suka saba zuwa, shi kuma ya rubuta 192.168.8.200, alamar Wi-Fi za ta nuna an haɗu, amma ba shafin da zai buɗe. Shi ya sa mai shago ke yarda wani abu ya ƙone.

Ka fara gwada wayarka a kan rautar. In tana buɗe shafi, ba wanda ya toshe ka. Daga nan danna maɓallin Windows da R tare, rubuta cmd ka danna Enter, sannan a baƙin allon da ya buɗe ka rubuta ipconfig ka sake danna Enter. Dubi lambar da ke gaban Default Gateway, ka gwada ta da wadda aka buga a jikin rautar ko a ƙarƙashin batirinta. In sun saɓa, sake danna Windows da R, rubuta ncpa.cpl, danna daman linzami a kan Wi-Fi ko Ethernet, shiga Properties, ka buɗe Internet Protocol Version 4. Zaɓi Obtain an IP address automatically, ka danna OK. Koma cmd ka rubuta ipconfig /release, sannan ipconfig /renew. In ka ga lamba ta fara da 169.254, kwamfutar ce ba ta samu amsa daga rautar ba. Duba kebul, ka kashe rautar ka kunna.

Kada ka tashi sai ka koma shafin Internet Protocol Version 4 ka duba layin DNS da ke ƙasa, wato abin da ke nuna wa kwamfuta hanyar shafin da ka rubuta sunansa, domin shi ya fi tayar mana da hankali. Wanda ya dasa tasa lambar a nan yana iya karkatar da kai zuwa shafin banki na jabu, intanet na aiki lafiya lau, ka zuba lambobin sirrinka da na kwastomominka. Mayar da shi kan Obtain DNS server address automatically. In ya shiga shafin rautar ma, sauya kalmar sirrinta nan take, kada ka bar ta a admin.

Duk wanda ya zo da sunan kamfani, ya jira a bakin ƙofa har ka kira lambar kula da kwastomomi ka tabbatar su suka turo shi. Ka kuma ja kunnen yaran shago, don yawanci sai maigida ya fita suke shigowa.